Kujerar Sannu-Sannu

Duk wanda ya san layin nan ya san motar Sannu-Sannu. Tsohuwa ce, ruwan toka, doguwa mai ƙofa huɗu, irin wadda ake kira otomatik, mai canja giya da kanta. Sunan mai ita na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, don tun da ya fara tuƙi ba a taɓa ganin ya wuce ko mai keke ba. Yana tafe ana danna masa hon ta baya, shi kuwa ko a jikinsa, sai dai ya zuro dogon hannunsa ta taga ya ce a wuce. Matarsa, wadda kowa ke kira Mai Ɗinki, takan ce da ta san haka tafiyar za ta zama da ta ɗauko kekenta ta ƙarasa rigar mutane a hanya.

Wata rana ya dawo daga kasuwa da hantsi, bai shigar da motar gida ba, ya ajiye ta a bakin titi daidai get. Mai Ɗinki ta ɗago kai daga keke ta ce, "Ba ka shigo da ita ba?"

Ya ce, "Bar ta nan, zan sake fita."

Sai kuma ya ce kansa na sara masa, bari ya ɗan kishingiɗa. Daga wannan kishingiɗar sai asibiti a motar haya, daga asibiti kuwa bai dawo ba.

Tun daga ranar motar take nan inda ya bar ta. Ruwa ya dake ta, rana ta dake ta, ganye ya taru a ƙarƙashinta. Baffa, ƙanin mamacin, ya taɓa kawo maganar a shigar da ita ciki ko a nemi mai saye. Kallo ɗaya Mai Ɗinki ta yi masa, bai sake tayar da zancen ba. Kullum da safe takan fito da tsumma ta goge gilasai. Da la'asar kuma, idan ta rufe keke, kafin 'yarta Auta ta dawo daga aiki, sai ta ɗauki makulli ta buɗe ƙofar gefen da ta saba zama, ta shiga, ta miƙa hannu ta ɗan murɗa makullin don rediyo ya kama, ta ji labarai kamar yadda suka saba ji su biyu. Mutanen layi suna gani, amma kowa ya kama bakinsa.

Kujerar direba kuwa ba mai taɓa ta. Sannu-Sannu dogo ne na gaske, ya tura ta baya sosai, kuma shekaru sun sa ta yi rami daidai jikinsa, har wurin da kafaɗarsa ke jingina ya koɗe. In Mai Ɗinki ta zauna a gefenta ta dubi wannan ramin, sai ta ji kamar mutumin ya shiga gida ne ya ɗauko wani abu. Ta san ba haka ba ne, ba yarinya ba ce. Amma tana son jin hakan, kuma ba ta ga wanda ta tauye ba. A 'yan kwanakin nan rediyon ya fara shaƙewa, daga baya ya yi shiru gaba ɗaya, ita dai ta ci gaba da zamanta ba labarai.

Ana nan sai ma'aikatan gyaran titi suka zo. Sun bi gida-gida sun sanar cewa za a haƙa layin a shimfiɗa magudanar ruwa, kowa ya kwashe abinsa daga bakin hanya. Mai Ɗinki ta ji da kunnenta, ta ce to, ta koma kan ɗinkinta. Ranar da aka tsayar, ta fito da tsummanta da safe ta tarar sun toshe layin gaba da baya, har sun fara haƙa daga can gangare. Mai Shago ya shigar da bencinsa, Mai Wanki ya kwance igiyoyinsa, ba abin da ya rage a bakin titi sai motar Sannu-Sannu, an shafa mata jan fenti a taya.

Shugaban ma'aikatan, wani mai hular kwano, ya matso ya gaishe ta da ladabi. Ya ce, "Mama, taki ce? Don Allah a matsar da ita kafin rana ta take. Motar haƙa na nan tafe. In ta iso ba a ɗauke ba, janwe, motar jan motoci, ce za ta ja ta, kuma wannan ba a hannuna yake ba."

Ta ce, "Ta ja ta zuwa ina?"

"Akwai filin da ake tara su."

Ta san filin. Ta sha wucewa ta ga motoci jibge a ciki, ba taya ba gilashi, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Ta ƙwala wa Auta kira, 'yarta ta ƙarshe wadda ita kaɗai ta rage a gida, ta ce ta fasa zuwa aiki ta kira Baffanta.

Baffa ya iso a ƙafa yana haki, don ba hanyar shigowa da mota. Gajere ne mai tumbi, uwa ɗaya uba ɗaya da mamacin amma ba mai yarda sai an rantse. Tun Mai Ɗinki tana amarya suke tsokanar juna. Ya ce, "Matar Yaya, sai da ruwa ya zo wuya kika tuna da ni?"

Ta ce, "Kai ruwan naka ai ba ya wahalar zuwa wuya."

Ya yi dariya, ya karɓi makulli, ya buɗe ƙofar direba. Har ya ɗaga ƙafa zai shiga ta ce, "Kada ka zauna."

Ya waigo yana jiran ƙarshen wasan, ya ga fuskarta, ya sauke ƙafarsa. Daga tsaye ya sunkuya ya zura makulli ya murɗa. Ko ƙyas. Ko 'yar fitila ɗaya ba ta kama ba. Ya ce, "Batir ya mutu murus. To, ba komai, ga get nan kusa, tura ta za mu yi. A sa giya a firi kawai, tayoyin su saki."

Ya kama sandar giya ya danna maɓallinta ya ja. Ta ƙi. Tana nan daram a kan harafin P inda yayansa ya bar ta. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya danne birki da hannun hagu, ya ja da na dama har jijiyar wuyansa ta fito. Mai Ɗinki ta ce, "Baffansu, za ka karya ta!"

Ya miƙe yana share zufa. Ya ce, "Irin waɗannan motocin haka suke. In an sa su a fakin sandar kulle kanta take yi, sai an taka birki wuta ta sake ta. Yanzu kuwa ba wuta." Ya kira bakaniken da ke duba motar, waya a kashe. Ya sake kira, a kashe.

Mai Hular Kwano, da ke tsaye yana kallo, ya ce, "Gaskiya ku yi ƙoƙari. In janwe ta ja ta a haka, tayoyin ba za su juya ba, jan ta za a yi a ƙasa. Na ga wadda aka yi wa haka, giyarta ba ta sake moruwa ba."

Auta ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar don ta ga ko akwai abin da za ta iya. A aljihun ƙofar ta ga tabarau ɗin uwarta da ake ta nema a gida, da ƙwaryar zare, da wani hannun riga da aka fara kalmasa ba a gama ba. Ta tsaya tana kallonsu. Ta ɗago ta dubi uwarta, uwar ta kau da kai. Auta ta mayar da su yadda ta same su.

Mai Ɗinki kuwa hankalinta ya tafi wani wuri. Tun lokacin da Baffa ke kokawa da sandar take kallon wani ɗan murfi a gindinta, ƙarami kamar farcen babban yatsa, gefensa duk ya karce. Ita ta karce shi. Motar nan ta daɗe da wannan hali tun mai ita yana raye, wata 'yar waya ce a ƙarƙashin birki takan yi gardama. Sai su gama cefane su shiga, ya tayar, ya ja sanda ta ƙi. Ba ya ko waigowa, sai ya ce, "Mai Ɗinki, aikinki." Ita kuma ta buɗe jaka ta zaro 'yar sukudirebar keken ɗinkinta, ta ɓanɓare murfin, ta zura a ramin da ke ƙasa ta danne. Shi ya taka birki ya ja sandar, ta taho salin-alin. Kullum sai ta yi mita, ta ce ya kai a gyara mana. Shi kuma ya ce, "In na gyara, me zai sa ki riƙa biyo ni?"

Mai Ɗinki ta juya ta shiga gida. Ta jawo aljihun keke, ga sukudirebar nan cikin allurai da maɓallai. Rabonta da fita da ita tun mijinta yana raye. Ta dawo ta nuna wa Baffa murfin, ta gaya masa yadda suke yi.

Baffa ya tafa hannu. "Ashe da magani a gida muke ta wahala! Kawo."

Mai Hular Kwano ya ce, "Ku dakata tukuna. Layin nan gangare ne, kuma ga rami can mun haƙa. Kuna sa ta a firi za ta fara tafiya. Birkin hannu yana ci?"

Mai Ɗinki ta ce, "Ya daɗe da mutuwa."

"To, dole wani ya zauna a ciki, ƙafarsa a kan birki, hannunsa a sitiyari."

Baffa ya dubi kujerar, ya dubi ƙafafunsa, kowa ya san in shi ne sai an jawo ta gaba. Auta ko sitiyari ba ta taɓa riƙewa ba. Sai Mai Wanki ya matso yana goge hannu a jikin wandonsa. Dogo ne shi ma, kuma mutumin kirki, shi ya wanke kayan mamacin shekara da shekaru. Ya ce a hankali, "Mama, tsawonmu kusan ɗaya da Baba. In kin yarda ni na zauna, ba sai an taɓa kujerar ba."

Magana ce mai kyau, kuma kowa ya ji daɗinta har da Baffa. Mai Ɗinki ta dube shi, ta dubi ramin kujerar. Ta ƙiyasta wani namiji dogo zaune a wurin, hannunsa a taga, ita tana tsaye a waje tana kallo. Ta ji ba za ta iya ba. Ba ƙyamar Mai Wanki take yi ba, tsoro take ji kada ta gan shi ta gefen ido ta ɗauka mijinta ne.

Auta ta ce, "Umma, ki bari ya shiga. Kin ji ƙarar motar haƙa can."

Da gaske kuwa ana jiyo rurinta daga bakin layi, ana janye mata shinge. Mai Ɗinki ta tsaya da sukudireba a hannu, ranta a jagule. Duk watannin nan ta ɗauka motar take tsaro. Yanzu ta gane ba motar ba ce kaɗai. Abin da mijinta ya yi na ƙarshe da hannunsa shi ne ajiye motar nan a wurin nan, kuma muddin tana nan a yadda ya bar ta, maganarsa ta zan sake fita ba ta faɗi ba. To, yau ko ta so ko ta ƙi motar za ta bar wurin. Abin da ya rage mata kawai shi ne ta zaɓi wanda zai ɗauke ta, ita ko janwe.

Ta ce, "Na gode, Mai Wanki, Allah ya saka. In dai sai an zauna a kujerar nan, ni zan zauna."

Baffa ya ce, "Matar Yaya, ke da ba ki taɓa tuƙi ba?"

"Na shekara nawa ina kallon mai yi? Kuma da gudun da yake yi ai ko makaho ya koya."

Ta tattare zanenta ta shiga. Ramin ya fi ƙarfinta, ta nutse a ciki kamar yarinya a kujerar babanta, da ƙyar take hango gaban motar ta saman sitiyari. Har yanzu akwai sauran ƙamshin man da yake shafawa a wurin jingina kai. Ta miƙa ƙafa, ba ta kai birki ba. Ta zamo gaba ta ƙara miƙawa, babban yatsanta ya ɗan taɓa shi. Ta ce, "Ga shi na kai."

Baffa ya sunkuyo ta taga, wannan karon ba wasa a muryarsa. Ya ce, "Ba a taka birki da yatsa, balle mota ba wuta, tauri zai yi. Akwai ƙarfe a ƙarƙashin kujerar, ta gaba. Ki ɗaga shi."

Ta san da ƙarfen. Ta ɗan jima hannunta a kan cinya, ba wanda ya ce ta yi sauri, har Mai Hular Kwano ya juya baya yana yi wa direban motar haƙa alama ya dakata. Sannan ta sunkuya ta lalubo shi ta ɗaga. Da farko ya cije, sai kujerar ta saki da wata ƙara mai tsatsa, ta zamo gaba da ita har gwiwarta ta kusa taɓa sitiyari. Ƙafarta ta sauka a kan birki sosai. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba, don hannayenta duka suna da aiki.

Ta ce, "Auta, shigo ki zauna can."

Auta ta shiga ta zauna a gefen uwarta. Kafin ta zauna Mai Ɗinki ta ga wata aba da ba ta taɓa lura da ita ba, ashe kujerarta ita ma ta yi rami, ƙarami, ya ɗan karkata zuwa wajen direba. Ta miƙa wa yarinyar sukudirebar. Ta ce, "Sa bakinta a gefen murfin nan, inda ya karce. A hankali, kada ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashi, babanki ya sha zagina a kan haka. Yawwa. Kin ga ramin? Zura ki danne, kada ki saki sai na ce."

Auta ta danne. Mai Ɗinki ta taka birki da ƙarfin ƙafar da ta saba taka keke, ta kama sandar ta danna maɓalli ta ja. Sandar ta taho ba gardama.

Baffa ya ce, "Wannan ta baya ce, ƙara ɗaya. Nan! Kin ga N? Tana firi."

Nan take ta ji motar ta yi nauyi a ƙarƙashin ƙafarta, tana neman gangarawa. Baffa, Mai Wanki, Mai Shago da leburori biyu suka jeru. Aka ce ta sassauta ƙafa kaɗan-kaɗan. Tayoyin da suka daɗe a wuri ɗaya suka yi wani kuka, suka juya. Sitiyarin ya yi tauri ƙwarai, tana murɗawa da hannu biyu Mai Hular Kwano yana taya ta ta taga, yana cewa dama, ƙara dama, ya isa. Ita kuwa da motar ta ɗan motsa sai ta danne birki, masu turi su yi karo da bayanta.

Mai Shago ya ce yana nishi, "Mama, a saki birkin nan mana! Wallahi mun yi Sannu-Sannu ta biyu."

Kowa ya fashe da dariya, har ita, ga hawaye ga dariya. Da haka dai, taki kaɗan tsayawa kaɗan, motar ta haye bakin get ta shiga tsakar gida, ta tsaya a ƙarƙashin rumfar da aka yi dominta. Mai Ɗinki ta tura sandar gaba har ta koma kan P, ta ji ta kulle, sannan ta ɗage ƙafarta.

Ta madubi tana hango wajen get. Inda motar ta tashi an ga shatinta a ƙasa, busassun ganye da ɗigon baƙin mai a tsakiya. Motar haƙa ta matso, ta sauke bakinta daidai wurin, ta kwashe ƙasar da ganyen da man gaba ɗaya. Baffa ya sallami mutane yana godiya, ya jawo get ya rufe.

Auta ta mayar da ɗan murfin, ta danna shi ya zauna. Ta leƙa ƙarƙashin kujerar direba ta ce, "Umma, ga alamar inda take a jikin ƙarfen, wurin bai yi ƙura ba. In kin fita zan mayar da ita daidai yadda Baba ya bar ta, ba wanda zai gane an taɓa."

Mai Ɗinki ta sunkuya ta ga alamar, fes kuwa, ba a ɓata. Ta daɗe tana kallonta. Ta zare makulli ta riƙe a tafin hannu.

Ta ce, "Bar ta a haka, Auta. Ba zai sake fita ba."

Yarinyar ta kifa kai a kafaɗar uwarta tana kuka, uwar tana bubbuga bayanta da hannun da ke riƙe da makullin. Baffa yana tsaye can jikin get, ya juya musu baya yana ta gyaran sakatar da ba abin da ya same ta. Da kukan ya lafa, Mai Ɗinki ta leƙo ta taga ta ce masa gobe ya zo da bakanike da batir, a kuma duba 'yar wayar nan ta ƙarƙashin birki a gyara ta. Sannan ta karɓi sukudirebarta daga hannun Auta, ta fita ta kai ta aljihun keke.